Kundin aiki: koya wa kwamfutata barci da tashi daga layin umarni

5 ga Oktoba, 2025

Na ɗora Debian 13 a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 16. Faifan a kulle yake da LUKS, tsarin kulle faifai da kalmar sirri a Linux, tsarin fayilolin da ke ciki kuma ext4 ne. Ban sa GNOME ko KDE ba, Sway mai jera tagogi kaɗai na ɗora, don haka babu wani maɓalli a kusurwar allo da zan latsa ta yi barci. Duk abin da za a yi, da rubutu za a yi shi.

Abin da nake so a ƙarshe shi ne in rufe murfi ta yi barci nan take. In na daɗe ban buɗe ba, ta kwashe abin da ke cikin RAM ta zuba a faifai ta mutu gaba ɗaya. In na dawo, ko bayan mako ne, in tarar da kowace taga a inda na bar ta.

Matakan barcin suna da sunaye tun daga ƙa'idar ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. S0 shi ne kwamfuta na aiki. A S3 komai ya mutu ban da RAM, wadda ake ci gaba da ba ta 'yar wuta don kada ta manta abin da ke cikinta. S4 shi ne dogon barci: an rubuta hoton RAM a faifai an yanke wuta. S5 kashewa ce ta yau da kullum. Umarnin farko da na buga tambaya ce, me kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urar, ya yarda wannan na'ura za ta iya:

`cat /sys/power/state`

Ya ba ni `freeze` da `mem`. Babu `disk`, wato a yanzu ƙofar dogon barci a rufe take. Zan zo kan wannan daga baya. Na buga `systemctl suspend`, allo ya mutu, na taɓa maɓalli ya dawo. Kwanciya ba ta da wuya.

8 ga Oktoba

Na sa ta barci da daddare, da safe na tarar da ƙasanta da ɗumi, batir kuma ya yi ƙasa sosai. Kwamfutar da ta yi barcin S3 na gaskiya ba ta ɗumi.

Ashe kalmar `mem` ba abu ɗaya take nufi a kowace na'ura ba. Ma'anarta na cikin wani fayil, `/sys/power/mem_sleep`. A tawa kalmomi biyu ne a ciki, `s2idle` da `deep`, kuma ta farkon ce aka zaɓa. A `s2idle` kanel ne ke daskarar da manhajoji, ya kwantar da na'urorin ciki, ya bar furosesa a zaman jira mafi zurfi da zai iya kaiwa, amma a wurin BIOS kwamfutar tana S0 har yanzu. Idan kowane direba ya yi aikinsa daidai, wutar da ake sha kaɗan ce, tashi kuma kamar ƙiftawar ido. Idan na'ura guda ta ƙi kwanciya, furosesa ba zai kai can ƙasa ba, batir ya yi ta tsiyaya a cikin jaka. `deep` kuwa shi ne S3. Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka sun daina zuwa da shi, wasu kuma sun ɓoye shi a saitin BIOS. Tawa tana da shi, na ji daɗin haka.

`echo deep | sudo tee /sys/power/mem_sleep`

Ga wanda bai saba ba, `sudo echo deep >` ba zai yi aiki a nan ba, domin harsashin da kake ciki (shell, manhajar da ke karɓar umarninka) ne ke buɗe fayil ɗin da ikonka na talaka tun kafin `sudo` ya fara. Shi ya sa ake bi ta `tee`.

Don kada in dogara da taɓa ƙasan kwamfuta da hannu, na riƙa karanta `/sys/class/power_supply/BAT0/energy_now` kafin barci da bayan tashi, in debe, in raba da awannin da ta kwana. A wasu na'urori `charge_now` ne sunan fayil ɗin. Bambancin da na gani tsakanin hanyoyin biyu babba ne, ba ya buƙatar muhawara. Na ƙara `mem_sleep_default=deep` a layin kanel cikin `/etc/default/grub`, na gudanar da `update-grub`, domin abin da aka rubuta a `/sys` ba ya tsira bayan an sake kunnawa.

9 ga Oktoba

Sabuwar matsala: tana kwanciya, bayan 'yan daƙiƙu ta farka da kanta. `/proc/acpi/wakeup` ya nuna `XHC`, mai kula da ramukan USB, yana da izinin tayar da ita. Ana iya rubuta sunan a cikin fayil ɗin a juya izinin, amma hakan zai hana har allon madannai na waje tayar da ita, ni kuwa ina son wannan. Sai na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya:

`grep . /sys/bus/usb/devices/*/power/wakeup`

Ɗan abin da ake sokawa na linzami mara waya ne. Motsin tebur kaɗan ya ishe shi. Na rubuta dokar udev, mai kula da na'urorin da ake sokawa, da ke sa `power/wakeup` nasa ya zama `disabled` duk lokacin da aka soka shi. Ta daina.

14 ga Oktoba

Yau na zauna na fahimci bambancin hanyoyi biyu da a ido suke kama da juna. `echo mem | sudo tee /sys/power/state` magana ce kai tsaye da kanel, kuma kanel ba ya sallama da kowa: ya daskarar da komai ya kwanta. `systemctl suspend` kuwa yana bi ta logind, ɓangaren systemd mai kula da zaman masu amfani, shi kuma ya yi shela ta D-Bus, hanyar saƙo tsakanin manhajoji, cewa za a yi barci. NetworkManager ya ji ya sauke haɗin intanet cikin tsari, mai kulle allo ya ji ya kulle. Duk manhajar da ta nemi a ɗan jira ta, ana jiranta, amma iyakar jiran daƙiƙa 5 ne in ba a canja `InhibitDelayMaxSec` ba. Tsofaffin umarnin `pm-suspend` da `pm-hibernate` da ake yawan gani a tsofaffin bayanai na zamanin da ya gabaci wannan tsari ne, an daɗe da daina kula da su, ban ma girka su ba.

Maganar kulle allo ta dame ni ƙwarai. Kwamfutar da faifanta ke kulle amma ta farka allo a buɗe, kullen bai amfana komai ba ga wanda aka sace wa ita tana barci. Na sa wannan cikin saitin Sway:

`swayidle -w before-sleep 'swaylock -f'`

Wannan `-w` shi ne ke sa a jira kullen ya kammala kafin a kwanta. In babu shi, akan iya ganin abin da ke kan allo na ɗan lokaci bayan an buɗe murfi, kafin makullin ya rufe.

Na kuma sami abin da zan riƙa amfani da shi kullum. `systemd-inhibit --list` yana nuna wanda ya riƙe barci da dalilinsa. In kuma ina kwafin manyan fayiloli, sai in sa `systemd-inhibit --what=sleep:handle-lid-switch` a gaban umarnin kwafin, ko na rufe murfi ba za ta kwanta ba sai aikin ya ƙare. Wani abin lura: in daga nesa ka shiga ta SSH, polkit mai ba da izini ba ya ɗaukar ka a matsayin wanda ke zaune gaban na'urar, don haka sai ka haɗa da `sudo`.

21 ga Oktoba

Na koma kan `disk` da ya ɓace. `mokutil --sb-state` ya ce Secure Boot a kunne yake, `/sys/kernel/security/lockdown` kuma ya nuna matakin `integrity`. Wannan tsarin kulle kanel, wato lockdown, ya shiga babban kanel a sigar 5.4 a 2019, kuma Debian, kamar Fedora da Ubuntu, tana kunna shi da kanta idan Secure Boot na aiki. Ɗaya daga cikin abubuwan da yake hanawa shi ne dogon barci.

Dalilin yana da ƙarfi, ban ga laifinsu ba. Manufar Secure Boot ita ce kada wani kanel ya gudana sai wanda aka sa wa hannu. Hoton dogon barci kuwa kanel ne sukutum, da duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, a kwance a faifai ba tare da sa hannun kowa ba. Wanda ya iya gyara hoton nan ya iya cusa abin da ya ga dama a tsakiyar kanel, a tashi na gaba a loda masa shi. Ƙofar gaba a garƙame, ta baya a buɗe.

Don haka zaɓi ne tsakanin abu biyu masu amfani, kuma na daɗe ina juya shi. Abin da na fi tsoro a rayuwar wannan na'ura shi ne a sace ta, ko batir ya ƙare aikina na buɗe. Maganin na farko kullen faifai, maganin na biyu dogon barci. Har ma ta fuskar sata dogon barci ya fi S3 aminci, domin a S3 mabuɗin faifan yana zaune cikin RAM mai wuta, a S4 kuwa RAM ta mutu, sai an sake buga kalmar sirri. Na kashe Secure Boot a BIOS, bisa sharaɗi guda da na gindaya wa kaina: hoton ba zai taɓa sauka a wajen LUKS ba. Wanda kwamfutarsa ta wurin aiki ce, ko yake tsoron a taɓa masa ita a ɓoye a mayar, lissafinsa daban ne, kuma ba zan ba shi shawarar ya bi ni ba.

Bayan sake kunnawa, `disk` ya bayyana.

26 ga Oktoba

Ranar wurin musaya (swap), inda kanel ke tura abin da RAM ta kasa ɗauka. Hoton RAM a nan ake rubuta shi, wato wurin da `swapon --show` ke nunawa. Dole ya kasance a faifai na gaske. Wanda ke amfani da zram, kamar yadda Fedora ke yi tun sigarta ta 33 a 2020, musayarsa a cikin RAM ɗin take, wuta na yankewa ta tafi. Haka nan musayar da ake kullewa da sabon mabuɗi na kai-tsaye a kowane kunnawa ba ta da amfani a nan, tunda ba wanda zai iya buɗe ta gobe.

Girmansa fa? Na ɗauka dole ya kai girman RAM, sai na karanta yadda abin ke gudana. Kanel yana daskarar da manhajoji, sannan ya kwafi shafukan da ake amfani da su zuwa shafukan da ba kowa a cikin RAM ɗin kanta, don ya sami hoto tsayayye wanda ba ya motsi yayin da ake rubuta shi. Ke nan hoton ba zai wuce kusan rabin RAM ba. Abin da kanel ke nufa ma kashi biyu cikin biyar ne, adadin yana cikin `/sys/power/image_size`, a na'ura mai gigabait 16 ya kama wajen 6.4. Don ya kai wannan, yana zubar da abin da zai iya sake karantowa daga faifai, ya tura sauran zuwa musaya, sannan ya matse hoton kafin ya rubuta. To amma abin da aka tura da hoton duk wuri ɗaya suke rabawa. Na yi fayil mai gigabait 16 don hankalina ya kwanta ranar da burauza ta cika da shafuka.

Na ƙirƙiri `/swapfile` da `dd`, na yi masa `chmod 600` tunda sirrin duk manhajojina zai riƙa kwana a ciki, sai `mkswap`, sai `swapon`, sai layi guda a `/etc/fstab`.

Nan ne aikin ya yi daɗi. Lokacin da kwamfuta ke tashi, kanel ɗin da ya fara gudana bai san an yi barci ba. Dole a gaya masa inda zai duba, kuma dole ya duba tun kafin a ɗora tsarin fayiloli. Amma in ba a ɗora ba, sunan `/swapfile` ba ya nufin komai a wurinsa. Saboda haka ba suna ake ba shi ba, wuri ake ba shi: wane faifai, kuma taku nawa daga farkonsa. Na farko shi ne lambar UUID ta ɓangaren da fayil ɗin ke ciki, wadda `findmnt -no UUID -T /swapfile` ke bayarwa. Na biyu yana fitowa daga:

`sudo filefrag -v /swapfile`

Lambar farko ta layin farko a ƙarƙashin `physical_offset` ita ce ake so. Masu btrfs kada su yi amfani da wannan, lambar da zai ba su ba daidai ba ce, nasu umarnin `btrfs inspect-internal map-swapfile -r` ne. Na sa `resume=UUID=` da `resume_offset=` da lambobinsu a layin kanel, na rubuta UUID ɗin a `/etc/initramfs-tools/conf.d/resume`, sai `update-initramfs -u` da `update-grub`. Tun sigar 255 systemd na iya ajiye wannan adireshi da kansa a ma'adanar EFI, amma mai karanta shi yana aiki ne a tsarin farkon tashi da systemd ke tafiyarwa, na Debian kuwa rubutun harsashi ne, shi ya sa na rubuta da hannu. Duk ranar da na goge fayil ɗin na sake yin wani, lambar za ta canja, dole in sake wannan mataki. Na rubuta hakan a saman `/etc/default/grub` don in gani.

A kan wurin musaya akwai 'yar alama, `SWAPSPACE2`. In an rubuta hoto, kanel ya mayar da ita `S1SUSPEND`. Wannan kalma ita ce duk saƙon da kanel mai kwanciya ke bar wa kanel mai tashi. Ya gan ta, ya loda hoton ya miƙa masa ragama. Bai gan ta ba, ya ci gaba da tashi kamar kullum.

Ban fara da yanke wuta ba. Na rubuta `test_resume` a `/sys/power/disk`, sannan `disk` a `/sys/power/state`: ya rubuta hoton, ya karanto shi nan take, ya dawo. Da wannan ya wuce sai na buga `systemctl hibernate`. Fanka ta tsaya, fitilu suka mutu. Na cire caja, na kunna, GRUB mai ɗauko kanel ya zo, aka nemi kalmar sirrin LUKS, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ga makullin allona, a bayansa kuma taminal ɗin da na bari da rabin umarni a rubuce. Na daɗe ina kallonsa.

27 ga Oktoba

Doka guda da ba zan karya ba: tsakanin dogon barci da tashi, ba a taɓa faifan. Kanel ɗin da ke cikin hoton yana riƙe da taswirar faifan a kansa kamar yadda ya bar shi, wane wuri ne fanko, wane fayil ne a ina. Kamar mutumin da ya haddace ɗakinsa ne ya shigo cikin duhu da gudu, alhali an sauya wa kayan wuri. Idan na tashi da wani tsarin daga filasha na ɗora ɓangaren, na rubuta ko da fayil guda, sannan na koma na farkar da hoton, zai ci gaba da rubutu bisa tsohuwar taswira, ya tattake sabon da tsohon. Ko ɗorawa don karatu kawai ba ta kuɓuta ba, domin ext4 na iya sake bin kundinsa ya yi rubutu a lokacin ɗorawar, sai an ce masa `noload`.

Masu Windows da Linux a na'ura ɗaya sun san ɗaya fuskar wannan. Tun Windows 8 a 2012, kashewar yau da kullum rabin dogon barci ce, ana ajiye kanel a `hiberfil.sys` don tashi ya yi sauri. Shi ya sa ntfs-3g ke ƙin ɗora irin wannan ɓangare don rubutu, kuma gaskiyarsa ne. A can `powercfg /a` ke nuna matakan barcin da na'ura ke iyawa, `shutdown /h` ya sa ta dogon barci, `powercfg /h off` ya kashe tsarin duka.

In wata rana hoton ya lalace har ta kasa tashi, mafita ita ce a ƙara `noresume` a layin kanel daga GRUB. Za a rasa tagogin da aka bari a buɗe, faifan kuma ya tsira.

2 ga Nuwamba

Wani lokaci bayan tashi daga S3 katin Wi-Fi ba ya dawowa. Ba kullum ba, abin da ya sa ya fi wuyar kamawa ke nan. `journalctl -b -k` ya nuna direban yana kasa farkar da katin.

Kanel yana da abin gwaji mai kyau, `/sys/power/pm_test`. Ana rubuta masa matakin da ake so a tsaya: `freezer`, `devices`, `platform`, `processors` ko `core`. Sai a ba da umarnin barci, ya sauka zuwa wannan mataki, ya jira daƙiƙa 5, ya hauro da kansa ba tare da ya yi barcin gaske ba. A `freezer` lafiya lau. A `devices` matsalar ta fito. Wato ba ruwan BIOS, tsakanin direba da katinsa ne. Bayan an gama dole a mayar da fayil ɗin `none`, in ba haka ba kwamfuta za ta yi ta barcin daƙiƙa biyar tana farkawa.

Maganin da na yi na wucin gadi ne. Duk rubutun umarni da aka ajiye a `/usr/lib/systemd/system-sleep/` ana kiran sa sau biyu, da `pre` kafin barci, da `post` bayan tashi. Nawa yana sauke direban da `modprobe -r` a na farko, ya mayar da shi a na biyu. Yana aiki, amma rufe ciwo ne ba warkarwa ba. Na adana rahoton kanel na lokutan da abin ya faru don in aika wa masu kula da direban, domin gyaran na gaskiya a wurinsu yake, kuma ba za su san da shi ba in kowa ya yi shiru da ɗan rubutunsa.

9 ga Nuwamba

Yanzu haɗa biyun. `systemctl suspend-then-hibernate` ya shigo a systemd 239 a 2018. Yana saita agogon allon uwa, wanda ke tafiya ko kwamfuta na barci, ya kwantar da ita a S3. In lokaci ya cika ba a buɗe ba, agogon ya tashe ta ba tare da allo ya kunnu ba, ta rubuta hoto ta mutu. Na sa `HibernateDelaySec=2h` a wani fayil cikin `/etc/systemd/sleep.conf.d/`, da `HandleLidSwitch=suspend-then-hibernate` a `/etc/systemd/logind.conf.d/`. Awa biyu sun ishi tashi daga tebur a dawo, ba su kai kwana ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma tashi ɗaya mai kyau ba shaida ba ne ga cutar da ke zuwa jefi-jefi. Na rubuta ɗan madauki da zai yi ta kwantar da ita yana tayarwa dare guda. `rtcwake -m mem -s 60` zai iya, amma shi kai tsaye yake magana da kanel, ya tsallake logind da rubutuna na Wi-Fi, ke nan ba hanyar da nake bi kullum zai gwada ba. Don haka na raba aikin:

`sudo rtcwake -m no -s 60 && systemctl suspend`

Na farko ya saita ƙararrawa kawai, na biyu ya yi barcin ta hanyar da ta dace. `systemctl suspend` yana dawowa nan take tun kafin a kwanta, don haka sai da na sa `sleep` mai ɗan tsawo a bayansa, kada zagaye na gaba ya hau kan na baya. A kowane zagaye madaukin yana gwada `ping` ya rubuta sakamako. Da safe na duba `success` da `fail` a `/sys/power/suspend_stats/`. Babu faɗuwa ko ɗaya, intanet kuma ya dawo a kowane zagaye.

16 ga Nuwamba

Kanel ya sami sabuntawa a makon nan. Na sake kunna kwamfutar kafin in bar ta ta yi dogon barci, don kanel ɗin da zai rubuta hoto ya zama shi ne wanda GRUB zai ɗauko, sannan na sake sakin madaukin gwaji dare guda. Haka zan riƙa yi bayan kowace sabuntawa. Na gwada cire rubutun Wi-Fi in ga ko sabon kanel ya gyara, katin ya sake maƙalewa, na mayar.

Saura batun batir in ya kusa ƙarewa ina tsakiyar aiki. UPower ne ke yanke hukunci a nan, ta layin `CriticalPowerAction` a `/etc/UPower/UPower.conf`. Akwai `HybridSleep`, wanda ke rubuta hoto a faifai sannan ya kwanta a S3, in an sa caja da wuri a tashi da sauri, in wuta ta ƙare a tashi daga hoton. Na zaɓi `Hibernate` zalla, domin ba na son batir da ya riga ya kai ƙasa ya ci gaba da ciyar da RAM har ya ƙafe. Gwajinsa na buƙatar in bar batir ya sauka da gaske, RAM kuma a cike, don in ga ko wutar da ta rage za ta isa a gama rubuta hoton. In ba ta isa ba, zan ɗaga `PercentageAction` sama. Wannan ne aikin mako mai zuwa.